Kafin ka sayi na'urar hangen taurari: faɗin baki da mazauni su ne magana

Abin da ido ke fara faɗawa a kai a jikin kwalin na'urar hangen taurari mai araha shi ne wata lamba da aka rubuta da manyan baƙaƙe, 525x ko 675x, wai tana ninka girman abu sau ɗari biyar da ɗoriya. Ga hoton duniyar Zuhal da zobenta ya cinye rabin kwalin, ga gizagizai ja da shuɗi a gefe. Wannan lamba ta fi komai ɓatar da sabon mai saye, domin ba ita ce ma'aunin ƙarfin na'ura ba. Aikin na'urar tun asali shi ne tara haske. Ninkin girma yana biyo baya, kuma ana sauya shi cikin ƙiftawar ido ta hanyar cire ɗan gilashin da ake kafa ido a kai, wanda za mu riƙa kira maleƙi, a sa wani.

Ƙwayar idon matashi, idan ya jima a duhu, takan buɗe ta kai milimita 7, ta wanda ya manyanta kuwa ba ta cika wuce 5 ba. Ta wannan 'yar ƙofa duk hasken sama yake shiga. Na'ura mai baki milimita 70 ta fi ƙwayar ido faɗi sau 10, amma hasken da take tarawa sau 100 ne, saboda lissafin fili ake yi, faɗi sau faɗi. Mai milimita 200 tana tara sama da sau 800. Duk sa'ad da faɗin ya ninka biyu, haske ya ninka huɗu. Faɗin bakin ne kuma ke yanke hukunci a kan ƙanƙantar abin da za a iya rarrabewa. Wani masanin taurari ɗan Ingila, William Dawes, ya fitar da ƙa'idar da har yau ake aiki da ita: a raba 116 da faɗin baki a milimita, amsar ita ce mafi ƙarancin tazara tsakanin taurari biyu da za a gan su a rabe, a ma'aunin sakan na kusurwa, wato kashi ɗaya cikin 3,600 na digiri. Baki milimita 60 yana tsayawa a wajen sakan 1.9, na 200 kuwa yana sauka har 0.6.

Shi ninki lissafinsa a sarari yake. Kowace na'ura tana da zangon haske, wato nisan da ke tsakanin babban gilashi ko madubi da wurin da hasken ke haɗuwa, kuma a rubuce yake a jikin bututun. Kowane maleƙi ma da nasa ɗan zangon. Ka raba na farko da na biyu. Zangon milimita 1,200 da maleƙi na milimita 25 ninki 48 ne, da na milimita 10 kuma ninki 120. Ke nan kowace na'ura, komai rashin kyanta, za a iya tilasta mata ninki 600 idan aka cusa mata ƙaramin maleƙi. Sai dai abin da za a gani shi ne tabo mai dishi-dishi, babba amma babu komai a ciki, kamar ƙaramin hoton waya da aka yi ta faɗaɗawa da yatsa har ya dagule. Iyakar ninki mai amfani ba ta wuce faɗin baki a milimita sau biyu. Ga baki 60, ninki 120 ne ƙarshe. Kwalin da ya yi wa irin wannan na'ura alƙawarin 675 ya riga ya gaya maka irin kayan da ke ciki, kuma a ganina wannan kaɗai ya isa a mayar da shi inda aka ɗauko.

Ko babbar na'ura ba ta kaiwa iyakarta a yawancin darare. Iskar da ke tsakaninka da tauraro kullum motsi take, mai ɗumi na hawa mai sanyi na sauka, shi ya sa taurari ke ƙyalƙyali. A ninki mai yawa wannan motsi yana sa hoton ya riƙa rawa kamar tsakuwa a ƙarƙashin ruwa mai gudu. Galibi tsakanin 150 da 250 ake tsayawa, komai girman madubi. Ta ƙasa ma akwai iyaka: ka raba faɗin baki da ninki, ka sami kaurin sandar hasken da ke fitowa daga maleƙi. Idan ta fi ƙwayar idonka faɗi, ragowar hasken a banza yake zuba. Ga baki 200, ninkin da ya gaza 30 asara ce.

Na'urorin iri uku ne a dunƙule. Mafi tsufa ita ce mai gilashi a gaba, irin wadda wani mai yin tabarau a Holan, Hans Lipperhey, ya nemi a yi masa rajistarta a 1608, kuma da irinta Galileo ya ga watanni huɗu da ke zagaya duniyar Jupita a Janairun 1610, da ninkin da bai wuce wajen 20 ba. Bututunta a rufe yake, ba ta buƙatar saiti, kana fitar da ita ba da jimawa ba ta shirya. Ciwonta launi ne. Gilashi ba ya lanƙwasa ja da shuɗi daidai wa daida, don haka abu mai haske sosai, kamar Zara ko gefen wata, yakan fito da zagayen shunayya. Gilashi biyu da aka haɗa suna rage matsalar amma ba su kashe ta ba, kuma gajartar bututu tana tsananta ta. A nan ne lambar f take da amfani: zangon haske a raba da faɗin baki. Mai baki 80 da zango 400 ita ce f/5, tana da daɗin kallon fili mai faɗi amma tana ɓata duniyoyi da launi. Mai baki 90 da zango 900, wato f/10, ta fi tsafta nesa ba kusa ba. Akwai masu gilashi na musamman da ake rubuta wa ED, launinsu kaɗan ne ƙwarai, sai dai kuɗin da zai sayi baki 80 a cikinsu zai iya sayen madubin da ya ninka shi faɗi.

Iri na biyu shi ne mai madubi, wanda Isaac Newton ya ƙera a 1668. Haske yana shiga ta buɗaɗɗen baki ya sauka a kan madubi mai kwarmi a gindin bututu, ya dawo sama ya tarar da wani ƙaramin madubi a karkace, shi kuma ya tura shi gefe zuwa maleƙi. Madubi ba ya raba launi, kuma fuska ɗaya tak ake gogewa, shi ya sa babu irin da ya kai wannan ba da faɗi a kuɗi kaɗan. Abin da yake nema a madadin haka shi ne a riƙa daidaita madubansa lokaci-lokaci, a kuma ba shi lokaci ya huce. Tambayar da ya kamata a yi kafin a biya kuɗi ita ce siffar kwarmin. Madubin da aka goge da siffar ɓangaren ƙwallo ya fi sauƙin yi, amma ba ya tara hasken gefe da na tsakiya wuri guda. A baki 114 mai zango 900 aibin ƙarami ne, ana iya zama da shi. A baki 130 mai zango 650 kuwa wajibi ne kwarmin ya zama na farabola, wato siffar da ke tara hasken gefe da na tsakiya wuri guda. Idan takardar bayani ba ta ambaci farabola ba, ka ɗauka ba shi ba ne.

Akwai wani tarko a nan da ya cancanci a tsaya a kansa, domin mutane da yawa sun faɗa. Za ka ga na'ura irin ta Newton an rubuta baki 114 ko 127, zango 1,000, amma bututun bai fi rabin mita ba. A na'urar Newton ta gaskiya tsawon bututu kusan daidai yake da zangon haske, to ina ragowar rabin mitar ya shiga? An yi amfani da madubi mai siffar ƙwallo mai gajeren zango, aka liƙa wani ɗan gilashi a gindin wurin da ake saka maleƙi don ya tsawaita zangon ya kuma gyara aibin. A takarda dabarar tana da ma'ana, amma a kayan araha gyaran ba ya cika, hoton yakan yi laushi da zarar an haura ninki 80 ko 100, kuma wannan ɗan gilashin yana tare hanya idan an zo saita madubai. Gane ta ba wuya: gwada tsawon bututu da zangon da aka rubuta, sannan ka cire maleƙi ka leƙa ramin. In ka ga gilashi a ciki, ita ce.

Iri na uku ya haɗa gilashi da madubi, yana naɗe hasken a cikin gajeren bututu. Fitattu biyu su ne Schmidt-Cassegrain da Maksutov, wanda Dmitri Maksutov ya fito da shi a Tarayyar Sobiyet a 1941. Maksutov mai baki 127 da zango 1,500 bututunsa bai kai tsawon hannu ba, kuma a kan wata da duniyoyi yana da kaifi ƙwarai. Amma dogon zango yana ƙuntata fili. Da ƙyar yake nuna digiri ɗaya na sama, alhali Kaza da 'Ya'yanta suna buƙatar kusan biyu kafin a gan su gaba ɗaya. Gilashin gabansa mai kauri yana daɗewa bai huce ba, kuma raɓa na saurin kwanciya a kai.

Duk wannan bayani rabin magana ne, ɗaya rabin shi ne mazauni, wato abin da ake ɗora bututun a kai, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Na'ura tana ninka girgiza kamar yadda take ninka girma. A ninki 150, motsin da ido ba zai ma gani ba a jikin ƙafafu yana watsar da Jupita daga wannan gefe zuwa wancan. Ka taɓa mamurɗin gyara gani, hoto ya kama rawa, ka jira ya tsaya, ka ga bai fito sosai ba, ka sake taɓawa, ya sake rawa. Ba rashin kyan gilashi ne ke sa yawancin na'urorin farko su ƙare a bayan ƙofa ba, wannan rawar ce. Gwajin mai sauƙi ne: saita a kan wani abu mai nisa, ka ɗan ƙwanƙwasa bututun da yatsa, ka ƙirga. Idan hoton ya natsu cikin daƙiƙa 2 ko 3, mazaunin ya yi. Idan ya kai 6 yana lilo, zai gallabe ka kowane dare. Ƙafafu uku sirara na alminiyam masu gaɓoɓin roba, ɗauke da dogon bututu, kusan kullum suna faɗuwa a wannan gwaji.

Mazauni mafi sauƙi yana juyawa sama da ƙasa, hagu da dama. Ɗayan kuma an karkata sandarsa don ta yi daidai da sandar da duniya ke juyawa a kai. Dalilinsa shi ne sama ba ta tsayawa: tana tafiya digiri 15 a kowace awa, kuma a ninki 200 da maleƙi na yau da kullum, duniyar da ka saita tana ratsa fili ta fice cikin kamar minti ɗaya. Da karkataccen mazauni, murɗa abu ɗaya ya isa ka bi ta. Amfanin gaskiya ne, amma sai an saita sandar da tauraron arewa tukuna, an daidaita ƙarfen nauyi da bututu, an kuma saba da yadda yake juyawa, wanda ba ya bin hankalin hannu. Wanda ke kusa da Ikwaita zai tarar tauraron arewa yana dab da ƙasa, gini ko hazo ya rufe shi, wanda ke kudancin duniya kuwa ba ya ganinsa sam. Ƙananan karkatattun mazaunai da ake haɗawa da na'urorin araha sun tara wahalar saiti da rashin ƙarfi wuri ɗaya.

Shi ya sa shawarar da masu wannan sha'awa suka fi bai wa sabon shiga ita ce Dobson. John Dobson ne ya yaɗa wannan tsari a San Faransisko ta Amurka tun shekarun 1960: bututun Newton zaune a cikin akwatin katako mai juyawa a kan faifan roba mai santsi. Babu ƙafafu masu rawa, babu ƙarfen nauyi, babu saiti da tauraron arewa. Ka ajiye a ƙasa, ka tura da hannu, inda ka sake shi nan yake tsayawa. Tunda mazaunin katako ne, kusan duk kuɗin a madubi yake tafiya. Mai baki 150 ko 200, dukansu yawanci da zango 1,200, na'ura ce da mutum zai yi shekaru bai ƙure ta ba. Aibinsa shi ne da hannu ake bin abin kallo, ana ɗan zungura bututun duk bayan rabin minti a ninki mai yawa. Hannu yana sabawa cikin 'yan darare.

Sai dai a auna nauyi kafin a yi zumuɗin faɗi. Dobson mai baki 200 bututunsa ya haura mita ɗaya, kuma shi da akwatinsa suna kai wajen kilo 20, ana ɗaukarsu kashi biyu. Daga 250 zuwa sama aikin ya zama na mai ƙarfi da mota. Ka bi hanyar da idon zuci tun daga inda za a ajiye ta zuwa inda za a yi kallo: matakala nawa, ƙofa nawa, a cikin duhu, bayan gajiyar yini. Wanda ke zaune a bene na uku, ƙaramin Dobson na kan tebur mai baki 130 da zango 650 zai nuna masa sama fiye da babba, saboda shi zai riƙa fita da shi. Abin da ƙaramin ke buƙata kawai shi ne tebur ko kujera mai ƙwari wadda ba ta lilo.

Masu kwamfuta a ciki, waɗanda ake rubuta wa GoTo, suna juyawa da kansu su nemo abin da ka zaɓa su kuma bi shi. A cikin birni, inda taurarin da ake bi a gano hanya ba su fitowa, wannan taimako ne na gaske. Amma kafin ta nemo maka komai sai ka ba ta kwanan wata da lokaci da wurin da kake, ka kuma saita ta a kan taurari masu haske biyu ko uku, ke nan dai sai ka san sunayensu. Kuskuren awa ɗaya a lokaci yana jefa ta digiri 15 daga inda ya kamata. Tana son wuta mai ƙarfin bolt 12, kuma batir na yin rauni take fara ɓata hanya. A ƙaramin kasafi, kuɗin injin daga faɗin madubi ake yanko shi, sai ka sami na'urar da ke nuna wurin abubuwa dubbai amma bakinta bai isa ya nuna yawancinsu ba.

To me za a gani a zahiri? Wata ba ya ba da kunya ko a ƙaramar na'ura, musamman a kwanakin da yake rabi, inda rana ke haska shi daga gefe. A kan iyakar haske da duhu za ka ga bakin rami ya kama haske alhali cikinsa baƙi ƙirin, da inuwar dutse doguwa mai tsini kwance a kan fili. Daren da ya cika kuwa inuwa ta ɓace, sai haske mai kashe ido. Jupita a ninki 100 ƙaramin faifai ne mai ɗamara biyu masu duhu, watanninta huɗu a jere suna sauya wuri daga dare zuwa dare. Zoben Zuhal yana bayyana tun daga ninki 40 ko 50. A Maris na 2025 zoben ya juyo mana da gefensa har ya kusan ɓacewa, yanzu yana sake buɗewa a hankali har zuwa wajen 2032. Zara tana nuna siffar jinjiri da rabi kamar wata. Mars ba ta da abin kallo sai lokacin da ta matso, kusan duk bayan wata 26.

Abubuwa masu nisa su ne inda ake yawan karaya. Ƙwayoyin ido masu aiki a duhu ba su ganin launi, don haka gajimaren Oriyon fari-fari ne mai ɗan toka, kamar hayaƙi mai fukafukai da taurari huɗu ƙanana a tsakiyarsa. Andromeda, wata galaksi, wato gagarumin taron taurari, wadda haskenta ya yi tafiyar shekara miliyan 2.5 kafin ya iso, tabo ne mai tsawo mai haske a ciki. Hotuna masu launi na kan kwali kyamara ce ta tara haskensu na awoyi. Wanda ya san haka tun farko zai ji daɗin abin da ya gani, kuma ido yana koyon gani: kallon ɗan gefe da abin, maimakon kafa masa ido kai tsaye, yana fito da abin da da farko ba a lura da shi ba. Jerin abubuwa 110 da ke ɗauke da sunan Charles Messier, ɗan Faransa na ƙarni na 18, duk suna cikin ikon baki 150 idan sama ta yi duhu kuma suna hawa sama a inda kake.

Wannan sharaɗi na duhu ba ƙarami ba ne. John Bortle ya fitar da ma'auni a 2001 mai mataki 9, daga 1, duhun daji, zuwa 9, tsakiyar babban birni. Baki 100 a mataki na 3 yana nuna galaksi fiye da baki 200 a mataki na 8. Wata da duniyoyi da tagwayen taurari ba ruwansu da fitilun birni. Saboda haka mazaunin birni da ba shi da halin fita bayan gari, Maksutov ko doguwar mai gilashi za ta dace da shi, wanda ke da duhu a ƙofar gida kuwa faɗi ya kamata ya bi. Wanda bai tabbatar sha'awar za ta ɗore ba, ya fara da na'urar hannu mai ido biyu, 10x50, wato ninki 10 da baki milimita 50, da manhajar taswirar sama irin Stellarium, wadda kyauta ce. Na'urar hannu mai kyau ta fi ƙaramar na'ura mai rawa amfani.

A bar wani abu a aljihu don maleƙai. A duba kaurin gindinsu: inci 1.25 shi ne gama-gari, manya suna karɓar inci 2, amma na inci 0.965 tsohon yayi ne, samun mai kyau a wannan kauri da wuya. Maleƙan da aka rubuta wa H ko SR, kamar H20 da SR4, tsofaffin tsari ne masu ƙuntataccen fili. Plössl shi ne mafi ƙarancin abin da ya kamata a karɓa, filinsa kamar yadda yake bayyana wa ido wajen digiri 50 ne. Sai dai Plössl da ya gaza milimita 10 yana tilasta ka manna ido a gilashi, mai tabarau ba zai iya ba. Uku sun isa: na 25 ko 32 don nema da kallon fili, na 10 zuwa 12 don yawancin aiki, da na 6 mai tazarar ido don daren da iska ta kwanta. Gilashin Barlow mai ninka biyu, wanda ake sakawa tsakanin maleƙi da bututu, yana mayar da na 25 ya zama 12.5, in dai mai kyau ne. Akwatunan da ke cike da maleƙai barkatai da matatan launi ba su cika biyan kuɗin sabulu ba. Tocila mai jan haske kuwa wajibi ce, domin ido na ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma kallo ɗaya ga farin hasken waya yana rushe wannan.

Mai niyyar ɗaukar hoton galaksi ya sani wannan wata sana'a ce daban. A can mazauni mai injin bin sama shi ne babban saye, bututun ƙarami ne, kuma Dobson ba ya yin wannan aiki sai dai hoton wata da waya.

Ranar da kaya suka iso, a haɗa su da rana, ba a duhu ba. A saita ƙaramin majagaban da ke kan bututu, wato 'yar na'urar da ake fara nemo abin kallo da ita, a kan wani abu mai nisan rabin kilomita ko fiye, kamar kan turken wuta: a fara sa shi a tsakiyar babbar na'ura da maleƙi na 25, sannan a murɗa notunan majagaba har ya nuna wuri ɗaya. Rashin yin wannan shi ne dalilin da ya sa sabon shiga yakan kasa samun ko wata a darensa na farko. Idan hoto ya fito a kife a na'urar Newton, haka take, ba lalacewa ba ce. Saitin madubai ana yin sa da murfi mai ɗan huji a tsakiya da ake sakawa a gurbin maleƙi. Ƙaramin madubi ake fara gyarawa har a ga babban gaba ɗaya a cikinsa, sannan a koma notuna uku na gindin bututu, ana murɗa ɗaya kaɗan-kaɗan har alamar da ke tsakiyar babban madubi ta hau kan hujin. A kwantar da bututu yayin aiki a kan ƙaramin madubi, don kada sukundireba ta suɓuce ta faɗa kan babban. Na'ura mai f/5 ba ta yafe kuskuren saiti, mai f/8 tana da haƙuri.

Da dare a fitar da ita minti 30 zuwa awa ɗaya kafin kallo, domin madubin da ya fi iska ɗumi yana tayar da zafi a cikin bututu ya dagula hoto. Kada a yi kallo ta taga, ko ta saman rufin da ya sha rana. Sannan a gwada da tauraro mai matsakaicin haske a ninki 150, a sa shi a tsakiya, a ɗan kauce daga daidai gani. Ya kamata ya buɗe ya zama zobba a cikin zobba, da baƙin tabo a tsakiya idan mai madubi ce. Tabon ya karkata gefe, saiti ne bai yi ba. Zobban suna tafasa, iska ce ko zafin madubi, a jira. Siffar ta zama mai kusurwa uku, maƙallan da ke riƙe madubi sun matse shi, a sassauta su har takarda ta iya shiga tsakani. Idan kuwa bayan an kawar da duk waɗannan tauraro ya ƙi zama ɗigo a darare da yawa, aibin na gilashi ne, kuma a mayar da ita tun wa'adin mayarwa bai ƙare ba.

Rana ba abin wasa ba ce. Kallo ɗaya ta na'ura ba tare da mataci ba yana ƙona ido ƙonewar da ba ta warkewa. Wasu tsofaffin na'urori suna zuwa da ɗan baƙin gilashi da ake ɗaurawa a maleƙi wai don kallon rana. A jefar da shi, domin yana zaune ne daidai inda zafi ke taruwa, kuma yana iya fashewa ido na kai. Matacin da ya halatta shi ne wanda aka yi don wannan aiki, mai rufe bakin na'ura gaba ɗaya daga gaba, a ɗaure shi yadda iska ba za ta cire ba, a duba shi ko ya huje kafin kowane amfani, a kuma rufe majagaba. Tabaran kallon husufi ba ya kare ido a bayan maleƙi. Kada a bar na'ura a waje da rana inda yara suke.

Bayan kallo, idan raɓa ta kwanta a gilashi, kada a goge, kuma kada a rufe murfi a kanta. A bar ta a ɗaki a buɗe, bakin yana kallon ƙasa-ƙasa, har ta bushe da kanta. Danshin da aka kulle a ciki shi ke haifar da fumfuna, wadda ke cin rufin gilashi ta bar zane kamar saƙar gizo. A wuri mai laima a sa ƙunshin silika mai shan danshi a akwatin maleƙai. Ƙurar da ake gani a madubi idan an haska tocila ba ta rage komai a kallo, kuma shafa ta da ƙyalle tana kankare siririn rufin alminiyam ɗin. Madubin da ake rufewa bayan ya bushe yakan yi shekaru kafin ya buƙaci wanki, kuma idan lokacin ya yi, ana cire shi ne daga bututu a jiƙa shi a ruwa mai ɗumi-ɗumi da ɗigon sabulun ruwa, a ɗauraye da tataccen ruwa, a jingine shi a tsaye ya tsane.